Tulun da Yake Shanye Zaƙi

Tun da aka kawo ni gidan nan na garin Tenali nake ganin surukata tana zuba mazarƙwaila cikin avakaya, wato ɗanyen mangwaron da muke jiƙawa da barkono da mai a tulu. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Kuma tun da aka kawo ni nake cin avakayar nan da shinkafa da man shanu, ban taɓa jin zaƙi ko na ɗigo a cikinta ba. Yaji ne zalla, irin wanda yake sa kunne ya toshe, hanci ya kama zuba.

Shekarar farko na tambaye ta, ina amarya ban san inda ake takawa ba. Na ce, "Attayya," don haka muke kiran uwar miji, "ina zaƙin ya tafi?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Tulun ne yake shanyewa."

"Tulu kuma?"

"Tulu mana. Tsohon tulu ne, ya san abin da mai gidan yake so. Kuma kada in ji maganar mazarƙwailar nan a bakin maza. Wuce ki duba madarar can kafin ta zube."

In na ce na yarda na yi ƙarya, in na ce ban yarda ba ma na yi ƙarya. A gidanmu na Repalle, uwata ba ta taɓa kusantar da mazarƙwaila kusa da ɗanyen mangwaro ba. A ƙasarmu ta Guntur zagi ne wannan. Amma Attayya ba 'yar nan ba ce. Sunanta Varahalu, daga Bobbili aka ɗauko ta, can arewa, inda a cewar surukina ko ruwan wanka suka samu sai sun sa masa zaƙi. Shi kuwa Mamayya, surukin nawa ke nan, ba shi da abin taƙama a duniya da ya wuce wannan. Duk baƙon da ya zauna cin abinci a gidanmu sai ya ji labarin.

"Ɗanɗana ka ji. 'Yar Bobbili ce ta yi wannan! Na auro ta tana kuka in ta ga barkono, yau ga shi duk layin nan babu mai hannunta."

Attayya tana tsaye da ludayi, ko a jikinta. In ta zauna cin nata, ɗan tsinken avakayar take ɗiba, ta lulluɓe shi da kindirmo har sai ya ɓace.

Tulun na tangaran ne, fari daga ƙasa, wuyansa da kafaɗarsa ruwan ƙasa kamar an tsoma su cikin shayi. Tsayinsa ya wuce gwiwata. Yana zaune a lungun sito, bayan madafi, an ɗaure bakinsa da ƙyallen da aka yaga daga tsohon farin zanen Mamayya. Babu mai taɓa shi sai Attayya, ita ma sai ta yi wanka, ta sa sari wankakke, ta busar da hannunta ƙarau. Ta ɗebo na mako guda ta zuba a ƙaramin tulu na wurin cin abinci, ta mayar da ƙyalle ta ɗaure. Ni aikina goge mangwaro ɗaya bayan ɗaya har bayana ya ƙage, da ɓare tafarnuwa, da tsayawa daga bakin ƙofa ina kallo. Na ji haushin wannan, ba zan ɓoye ba. Na haifi 'ya'ya biyu a gidan nan, na aurar da ɗaya, amma a wurin tulun ni har yanzu baƙuwa ce.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. A leɓen tulun akwai ɗan ɓantare, bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Wata shekarar in na leƙa sai in gan shi. Wata shekarar in duba in duba, leɓen sumul. Na taɓa yi wa Attayya maganar, ta ce, "Ke Mani, idonki ne ya ɓantare, ki sa Seshu ya kai ki a auna miki tabarau." Seshu shi ne ɗanta, mijina. Ya kuwa kai ni, aka ba ni tabarau, ɓantaren ya ci gaba da zuwa yana tafiya.

Attayya ta rasu a lokacin sanyi, babu wata doguwar jinya. Ta bar tulun rabi.

Wannan rabin shi ya riƙe Mamayya. Miyar wake, ganye, kabewa, duk abin da na dafa sai ya ture gefe. Shinkafa kawai, man shanu, da avakayar matarsa. Karon farko da na yi wanka na kwance ƙyallen da hannuna, ji na yi kamar na shiga ɗakin da aka hana ni. Haka muka lallaɓa har zafi ya shigo, ludayi ya fara ƙara a gindin tulu. Ranar da ta ƙare, shinkafa mai zafi na zuba a ƙaramin tulun na goge sauran jan man na ba shi. Ya cinye, ya lashe yatsunsa, ya daɗe yana kallon farantin.

Daga ranar bakinsa ya rufe. Loma biyu, uku, sai ya tashi ya wanke hannu. Seshu ya sayo ta kanti ta cikin kwalba, Mamayya ya shinshina ya ce a kai wa mai gyaran keke ya zuba a sarƙa. Zanensa ya fara zame masa daga ƙugu. Likita ya duba shi ya ce babu cutar da zai rubuta wa magani, mutumin nan abinci zai ci, in ba haka ba ba zai kai damina ba. Ya faɗi hakan yana kallona, kamar ni na ɗinke bakin.

Saboda haka da mangwaro ya shigo kasuwa, ban yi wasa ba. Seshu ya ce, "Ki yi a bokitin roba mana kamar kowa. Wa yake fama da wannan ƙaton abin yanzu? In ya faɗo miki a ƙafa fa?"

Na ce, "Bokitin roba zai shanye zaƙi ne?"

"Wane zaƙi?"

Na wuce sito na jawo tulun.

Na wanke tulun, na shanya shi a rana har ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Na duba leɓensa da tabarau: sumul. Mamayya da kansa ya sa aka kai shi kasuwa a keke mai ƙafa uku, ya zaɓi mangwaro masu tsami da tauri, ya tsaya a kan mai sara kada ya raba ɓawon ƙwallo da tsoka. Rabon da in ji ya ɗaga murya tun rasuwar. Ya dawo a gajiye ya kwanta, ya bar ni da sauran, don namiji ba ya shiga inda ake haɗi.

Ina cikin goge yankakken mangwaro a tsakar gidan baya sai na ji murya ta kan katanga.

"Mani, yau za a zuba ke nan?"

Kotamma Pinni ce, maƙwabciyarmu ta baya, aminiyar Attayya. Tsohuwa ce siririya mai kaifin baki, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe da rasuwa. Tsakanin gidanmu da nata akwai wata 'yar ƙofar katako a jikin katanga. Kullum da rana tsaka, in maza sun kwanta, Attayya takan bi ta nan ta ce za ta aro zare. Zaren da ta aro a gidan nan ya isa a ɗinke wa duk Tenali riga, amma ban taɓa ganin ta dawo da ko ƙulli ɗaya ba. Tun da ta rasu na sa wa ƙofar sakata.

Na ce, "Yau ne, Pinni."

"To madalla. Yadda take yi za ki yi ko?"

"Yadda take yi."

"Komai da komai?"

"Komai da komai, Pinni."

"To, jibi ke nan juyawa. Da rana ko? In sun kwanta?"

Na ce a raina, yau ga tsohuwa da sa ido. Matar gidan ta mutu, ita kuma tana so ta gaji kujerar. Na amsa mata da "uhm" na juya mata baya.

Na auna komai da kofin tagullar Attayya. Garin barkono, garin mustad, gishiri, ɗan hulba, tafarnuwa, man riɗi. Sai na ɗauko mazarƙwailar na tsaya da ita a hannu kamar wadda aka dasa. Duk jinin Guntur da ke jikina yana cewa ajiye. Amma na ga matar nan tana farfasa ta tana zubawa shekara bayan shekara, kuma na ga abin da yake fitowa. Wace ce ni da zan gyara mata? Na zuba. Na cika tulun, na ɗaure ƙyalle, na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka ga dai halin da muke ciki. Ka yi aikinka." Ni Nagamani, da tabarau a fuskata, ina roƙon tangaran.

Ranar juyawa na yi duk yadda take yi. Attayya a ranar nan takan kore ni daga gidan baya gaba ɗaya, ta aike ni haikali ko kasuwa, ta rufe kanta a sito, ba mai shiga ba mai leƙe. Ni ma na jira maza suka kwanta, na yi wanka, na shiga na turo ƙofa. Ina kwance ƙyalle sai na ji ana ƙwanƙwasa 'yar ƙofar katanga. A hankali, sau biyu, aka dakata, aka sake.

"Mani. Ke Mani."

Na yi kunnen uwar shegu da ita. Ita ba ta san doka ba ne? Mace tana cikin tsarkin tulu za ta fita surutu? Ta yi ta bugawa har ta gaji, na ji takunta tana komawa.

Na juya avakayar daga ƙasa zuwa sama. Mai ya taso ja wur, ƙamshi ya cika sito, sak irin na kowace shekara. Na ɗiga a tafin hannuna na lasa.

Zaƙi. Zaƙi kamar alewar biki.

Na ce to, wataƙila tulun a hankali yake sha. Na ɗaure na ba shi kwanaki. Na koma na lasa, zaƙin ya ma ƙara zama. Na juya tulun fuskarsa ta kalli gabas. Na canza ƙyallen, ko na da ya fi sani. Na zauna ina lissafin ko akwai ranar da na taɓa shi da danshi a hannu, ko inuwar wani ta faɗa kansa, ko akwai wasu kalmomi da Attayya take faɗa in ta rufe ƙofa waɗanda ba ta koya mini ba. Kullum kuma Mamayya sai ya tambaya daga kan kujerarsa, da muryar da ta koma kamar ta yaro.

"Yarinya, ba ta yi ba har yanzu?"

Ranar da na rasa abin cewa, na zuba masa. Ya haɗa da shinkafa, ya zuba man shanu, ya dunƙula loma ya kai baki. Ya tauna sau ɗaya. Sai ya juya gefe ya tofar a hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Avakaya ce, Mamayya."

"Kin ga haƙorana sun zube shi ne kika dama mini alewa? Wa ya ce ki sa mazarƙwaila?"

Na riƙe maganar nan tun ina amarya, amma a ranar ta suɓuce. Na ce, "Haka Attayya take yi. Kowace shekara tana sawa. Ta ce tulun ne yake shanye zaƙin."

Mamayya ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ki ɓata abu, ki ce kin ɓata, ba wanda zai kashe ki. Amma ki ɗora wa matar da ba ta da bakin kare kanta? Na ci abincin hannunta tun kafin a haife ki. Ke za ki gaya mini abin da take sawa?" Ya tashi da ƙyar, ya wanke hannu, ya shige ɗaki.

Seshu ya bi ni madafi. "Mani, me ya same ki? Tulu yana shan zaƙi? Tulu baki gare shi? Kin tabbata ba wani abin daban kika gani tana yi ba? Ko haɗin lemun tsami take yi?"

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da ya faɗi haka sai na fara shakka. Na gani ne ko ban gani ba? Ina tuna ƙarar taɓarya a kan mazarƙwaila, ina tuna ƙudan zuma biyu da suke zagaya ta. To amma ina tuna ɓantaren leɓe ma, kuma ga leɓe nan sumul. Mace da take ganin ɓantare inda babu, me zai hana ta ga mazarƙwaila inda babu? Na zauna a kan buhun shinkafa, ga tulu a gabana cike da abin da ba mai ci, ga tsoho a ɗaki yana ƙarewa, ga lokacin ɗanyen mangwaro yana wucewa, kuma ban san ko hannuna ne ya lalace ko kaina ba. Na yi kuka na haushi, ba na tausayi ba. Haushin Attayya na ji, da ta tafi ta bar ni da rabin magana.

Washegari da rana na jawo tulun a kan tsohon buhu har tsakar gidan baya. Ban san me zan yi da shi ba. Ko in zubar, ko in duba shi a hasken rana ko zan ga inda zaƙin ya kamata ya bi. Ina durƙushe ina leƙa gindinsa kamar mahaukaciya sai kan Kotamma Pinni ya ɓullo ta saman katanga.

"Sai yanzu kika ga damar fito da shi? Tsohon yana can yana mutuwa da yunwa, ke kina nan kina jan aji. Buɗe ƙofar nan."

"Pinni, don girman Rama ki ƙyale ni, yau ba ni da..."

"Na ce buɗe!"

Na zare sakata. Ta kama hannuna ta ja ni har cikin sitonta. A lungu ga tulu zaune, fari daga ƙasa, ruwan ƙasa a wuya, bakinsa ɗaure da ƙyalle. Ta kwance. A leɓensa ga ɗan ɓantaren nan, bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba.

Na ce, "Wannan ai tulunmu ne!"

"Bara naku ne kafin a juya."

"Pinni, satar mana tulu kika yi?"

"Sata a gidan ubanki! Nawa ne. Wancan ma nawa ne. Duka na Varahalu ne kuma. Rana ɗaya muka saye su a hannun mai talla ɗaya." Ta tsaya ta zuba mini ido. "Tsaya. Ke ba ki sani ba ne?"

"Me zan sani?"

"Ba ta gaya miki ba?"

"Ta ce mini tulun ne yake shanye zaƙi."

Pinni ta dafe kai ta zauna daɓas a ƙasa. Na ɗauka suma za ta yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Ta yi ta yi har ta koma tari, tarin ya koma wani abu daban, ta goge ido da gefen sari.

"Kai, Varahalu, Varahalu. Maƙaryaciyar banza. Ni kuma ina nan ina cewa sarauniyar Repalle ta san komai, girman kai ne ya hana ta buɗe mini ƙofa. Na yi ta bugu kamar mai bara."

Ta ɗebo da ludayi ta ɗiga mini a hannu. Kafin ya kai harshena na san shi. Kunnena ya toshe, hancina ya kama zuba. Avakayar gidanmu ce, wadda Mamayya yake taƙama da ita.

A zaune a ƙasan siton ta ba ni labarin, guntu-guntu, tana yi tana zagina don na cika katse ta. Wata ɗaya aka kawo su amare, katanga ɗaya tsakaninsu. Attayya ta yi avakayarta ta farko yadda uwarta ta koya mata a Bobbili, da mazarƙwaila, tana cikin juyawa ta ji mijinta a zaure yana gaya wa abokansa cewa ranar da aka sa masa avakaya mai zaƙi a faranti, ranar zai mayar da mai yin ta gidan ubanta. Ta fito bayan gida tana kuka. A ɗaya gefen katangar kuma ga Pinni, 'yar Guntur tsantsa, ita ma tana kuka, don mijinta Appalaswami mutumin arewa ne da aiki ya kawo, ya ɗanɗana tata ya sha ruwa tulu guda ya ce so take ta kashe shi.

"Sai muka kalli juna, muka kalli tulunan. Maza suna barci. Muka sa buhu muka ja."

Na ce, "To me ya hana kowa ta koyi irin na mijinta?"

"Mun gwada mana. Nata ya yi ɗaci, nawa ya yi tsutsa. Hannu abin da ya tashi da shi ya sani. Kuma ja ya fi sauƙi."

Ina juya abin a kaina, sai wani wuri ya ƙi zama. "Amma Pinni, mijinki ya rasu tun ɗana yana rarrafe. Wa yake cin mai zaƙin duk shekarun nan?"

Ta harare ni. "Wa yake zuwa aron zare?"

Ta nuna inda nake zaune da yatsa.

"Nan take zama, inda kike. In zuba mata shinkafa, ta ɗebo ta hannunta ta cika faranti, ba kindirmo ba komai, ta ci ta ƙoshi ta lashe hannu har wuyan hannu. Sannan ta kurkure baki ta koma gidanku ta zama 'yar Guntur." Ta ja hanci. "Ni da bakina ba na son abin nan, alewa ce kawai. Amma mutum ba ya barin baƙo ya ci shi kaɗai. Tun da ta tafi ban iya buɗe sauran ba, na ba mai wanki. Da bana ta zo sai na ga hannuna ya haɗa wannan da kansa. Wa zan ba in ba ku ba?"

Muka shimfiɗa buhu. Ita da ƙarfinta ya ƙare, ni da bayana yake ciwo, muka ja mai ɓantare ta 'yar ƙofar, muka ja sumul ɗin zuwa nata. Kafin in fita ta kwance nawa, ta lakato da busasshen cokali ta sa a baki. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

Ta ce, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ita ma haka take yi. Kullum sai na gaya mata."

Da yamma na zuba wa Mamayya shinkafa, na sa jan avakayar a gefe. Ya kawar da kai. Ƙamshin ne ya juyo da shi. Ya taɓa da yatsa ya kai harshe, sai ya jawo farantin. Ya ci, zufa tana keto masa, hawaye yana bin ta, bai tsaya gogewa ba. Ya ce a ƙara shinkafa.

Seshu ya ɗanɗana ya ajiye hannu. "Wannan daga ina?"

Na ce, "Daga tulu."

"Wanda jiya yake da zaƙi?"

"Ya shanye."

Ya tashi ya shiga sito, na ji shi yana ƙwanƙwasa cikin tulun da yatsa. Ya fito yana sosa ƙeya. "Ba zai yiwu ba. Kuma wannan ɓantaren na bakinsa, da ma yana nan?"

Na ce, "Sai dai in kai ka a auna maka tabarau."

Na ɗauka shi ke nan, an wuce wurin. Mamayya ya ci gaba da cin abinci, har ganye ya koma ci. Amma bayan 'yan kwanaki, da rana, ina kwashe faranti sai ya ce in zauna. Yana kallon hoton Attayya da ke jikin bango da furen da na rataya masa.

"Yarinya, na yi miki faɗa a kan gaskiyarki. Ashe da gaske tana sawa."

"Ya wuce, Mamayya."

"Duk shekara?"

"Duk shekara."

"Ta san tulun zai shanye, ta san ba za ta ji ko ɗigo ba, amma sai ta sa." Ya jinjina kai a hankali. "Gidansu take tunawa. Ni kuma ina zaune a nan ina yi wa mutanen Bobbili dariya a gabanta. Ban taɓa tambayarta ko yajin ya yi mata yawa ba. Ina ganin kindirmon da take zubawa, na ɗauka so take."

Na sunkuyar da kai. Gaskiyar tana bakina, ƙaryar ma tana bakina, na rasa wadda ta fi tausayi.

Ya ce, "Wadda kika ba ni ranar nan, mai zaƙin. Irin ta gidansu ke nan ko? Irin wadda uwarta take yi?"

"Ita ce."

"Da saura?"

"Tulun ya shanye duka, Mamayya."

Ya kalli tafin hannunsa na dama, wanda ya tofar a ciki. Ya ce, "Loma ɗaya tak ta zo bakina, ita ma ban haɗiye ba."

Ya jingina ya rufe ido. Na tsaya da faranti a hannu har numfashinsa ya daidaita. Sannan na shiga madafi na ɗauki ƙaramin kwano, na goge shi ƙarau, na sa a ƙarƙashin gefen sarina. Ban san me zan ce masa ba in na dawo da shi cike. Ban san ko in ce tulun ya yi amai ba ne, ko in faɗi sunan Pinni, ko in ajiye kawai a gefen farantinsa in yi shiru.

Ina zare sakatar 'yar ƙofar sai Seshu ya leƙo ta taga, idonsa duk barci.

"Ina zuwa da ranar nan?"

Na ce, "Zare zan aro."